Laya a Ƙugun Jikan Mama

A cocinmu na Illo, wanda aka sa a horo ba a korarsa. Ranar Lahadi ake kiran sunansa a gaban jama'a, a faɗi laifinsa, ya koma bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba shiga waƙa. Wata shida na yi a bencin nan.

Laifina kuwa, ɗana na fari ne ya yi ta suma, magani ya ƙi ci, sai maƙwabciyata, matar wani masunci, ta karɓo mini rubutu wajen malaminsu na ba shi. Wadda ta kai ƙarata gaban dattawa ita ce shugabar zumuntar mata, muna ce mata Mama. Yaron ya rasu ina tsakiyar horo. Mama ta zo gaisuwa, ta zauna a kan tabarmata, ta ce abin da na shayar da shi ne ya jawo mini. Na tsane ta, tsana mai tsanani, kuma na yi ta kiwon tsanar nan kamar akuyar layya.

Bayan shekara goma sha biyu ni ce shugaba, ita ta tsufa. Wata ranar kasuwa na tsallaka Benin sayen bandar kifi, sai ga Mama tana fitowa daga bukkar wani boka, ta ja mayafi har kan hanci, tana cusa wani abu a bakin zane. Wa za ta ɓoye wa? Ko a cikin taron dubu na san tafiyarta.

Wani daɗi ya rufe ni. A kan acaɓa na tsara yadda za a karanta sanarwar, har da inda zan zauna don in ga fuskarta da kyau. Ban nemi a sassauta mata ko kwana ɗaya ba, wata shida nake so cif.

Dattawa ba sa karɓar ƙara sai da shaida, don haka washegari da hantsi na je gidanta da sunan gaisuwa. Na tarar da jikanta kwance a kan tabarma, idanu sun kakkafe, ga sabuwar laya a ƙugunsa. Ta ga na gani. Ba ta ko yi yunƙurin rufewa ba.

"Ɗiyata, na san abin da ak kawo ki," in ji ta. "Yaron ga shi ɗai ar rage mani. Tafi ki hwaɗi."

Na buɗe baki in mayar mata da maganarta ta ranar gaisuwa, na daɗe da haddace ta. Sai yaron ya ja wani numfashi da na sani sarai, irin na ɗana. Ban san lokacin da na goya shi ba, muka nufi asibitin Bagudo.

Kada a ɗauka na yafe a ranar. Lahadi ta zo zuciyata na tafasa. Fasto ya tambaya ko akwai magana daga wajen mata. Na miƙe. Mama ta sunkuyar da kai, ta fara tattara takalmanta don komawa bencin baya.

Na ce, "Akwai. Jikan Mama yana asibiti, a yi masa addu'a."

Na zauna, amma har lokacin ɗayar maganar nake son faɗi.