Fuskar da Eulalia Ta Sa wa Noemí

Shekara talatin da ɗaya Eulalia Chambi ta yi tana ɗaukar bayanan mata a wani ofishin 'yan sanda na garin Oruro.

Tana sabuwar shiga aka kawo mata Noemí, mai sayar da kunun masara a tasha, wadda wani ya yi wa fyaɗe. Tausayi ya kama Eulalia, ta ƙagu a kama mutumin. Sai ta ɗauko hoto ɗaya tak, na wani direba da ake zargi, Fermín Callisaya.

"Shi ne, ko?"

Noemí ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kamar shi."

Kafin ranar shari'a shakkar ta ɓace. Noemí ta rantse tana kuka cewa shi ne, har tabon goshinsa ta tuna. Ba ƙarya ta yi ba, fuskar hoton ce ta zauna mata a kai.

Fermín ya shekara tara a kurkuku kafin gwajin ƙwayar halitta ya nuna wani mutum daban. Da aka sake buɗe shari'ar, wata masaniyar ƙwaƙwalwa ta yi bayanin yadda tambaya ɗaya kan sauya abin da mutum ya tuna. Duk da haka gari ya ɗauka, wai Noemí maƙaryaciya ce.

Eulalia ta tono tsohuwar takardarta, ta ce za ta ba da shaida.

"Kin haukace?" in ji shugabanta. "Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa, yallaɓai. Shi ya sa zan je."

A gaban alƙali ta ɗaga takardar, ta ce: "Baiwar Allahn nan 'kamar shi' ta ce, ga rubutun hannuna. Ni na sa mata fuskar."

Aka saki Fermín, aka ɗaure mai laifin. Fermín bai taɓa gaida Eulalia ba, ita ma ba ta ga laifinsa ba.

Ba a ƙara mata girma ba har ta yi ritaya. Amma a ofishin nan yanzu hotuna shida ake nunawa, wanda bai san wanda ake zargi ba shi ke nuna su, kalmar farko kuma a rubuta ta yadda ta fito. In sabon ɗan sanda ya fara "Shi ne...", sai na kusa ya taka masa ƙafa: "Kai, rufe baki! Kar uwargida Eulalia ta ji ka."