Mai Jegon Cikin Kuka

Jiya na dama wa maƙwabciyata kunun kanwa, don ta haihu. Ina cikin damawa a nan Sabon Garin Gusau, ƙamshin ya mayar da ni ƙauyenmu da ke bayan Bilbis, sai na ji wani tsohon haushi ya taso mini sabo fil.

Bayan gidanmu akwai wata kuka mai kogo. Duk farkon damina wasu tsuntsaye biyu, miji da mata, sukan zo su sauka a kanta. Dangin cilakowa ne, amma ba ƙananan nan masu jan baki ba. Waɗannan manya ne, da wani tudu a saman baki, kuma ko tsofaffin maharba sun ce sun daina ganin irinsu. Matar takan shige kogon, su liƙe ƙofar da laka, sai 'yar tsaga daidai baki. A ciki take yin ƙwai, gashinta ya zube, ba ta da abinci sai abin da mijin ya miƙa mata. Wuni yake yana jigilar fara da 'ya'yan ɓaure.

Kakata, wadda muke kira Inna, ita ta sa mata suna mai jego. In yara sun doshi kukar da danƙo sai ta ɗauki muciya. Har tsiya take yi wa mazan gidan, wai su je su koyi riƙon iyali wurin tsuntsu.

Wata damina wasu baƙi suka zo da mota, suka ce daga jami'a suke, suna nazarin tsuntsaye. Inna ta sa aka yi musu shimfiɗa, ta dama musu fura da hannunta. Da suka nuna hoton tsuntsun a littafi, murna ta kama ta, don a zatonta an zo ganin abin alfaharinta ne. Da kanta ta kai su gindin kukar, ta nuna musu tsagar, ta gaya musu lokacin da mijin yake dawowa.

Muna tsakar gida muka ji ƙarar bindiga. Kafin mu isa sun shimfiɗe mijin tsuntsuwar kan tabarmar da aka ba su, fara tana bakinsa.

"Don mi kunka yi haka?" in ji Inna. "Wagga ta ciki mai jego ta. Wa za shi ba ta abinci?"

Babban cikinsu ya amsa da ladabi, kuma ladabin nan ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce sun san da matar a ciki. Ya ce irin ya kusa ƙarewa, dole a adana guda don na baya su san an yi shi. Ka ji fa, mai karatu. Abu ya yi kaɗan, maganinsa a ƙara rage shi. Da rashin sani ne da na yafe musu, amma sun fi mu sanin abin da zai faru. Suka feɗe shi, suka cusa masa auduga, suka yi godiyar fura, suka kama hanyar Tsafe.

Tun daga ranar ni aka ɗora wa aikin mijin. Inna ta sa aka jingina tsani, ina hawa da fara a gefen zane, ina turawa ta tsagar. Matar ta ƙi karɓa. Takan fito da kan bakinta ta yi wani ɗan kuka, ta mayar. Inna na tsaye a ƙasa tana lallashinta kamar mutum, har ɗan kunu ta sa na ɗiga mata. Da kukan ya ɗauke, kawuna ya fasa lakar. Muka same ta tsirara ba gashi, kwance bisa 'ya'yanta, duk sun mutu. Inna ta naɗe su a tsumma ta binne. Har ta bar duniya ba ta sake nuna wa baƙo ko da hanyar rijiya ba, ita da aka sani da son baƙi.

Kwanaki ɗana da ke karatun kimiyya ya nuna mini hoto a waya: matattun tsuntsaye jere a rigingine cikin akwati, kowanne da 'yar takarda a ƙafa. Ya ce ba don irin wannan ba, da ba wanda zai tabbatar sun taɓa zama a ƙasarmu. Ban musa masa ba. Wataƙila ma masu saran itace da sun ƙarasa su ko ba bindiga. Amma na ce masa in ya taɓa shiga ɗakin da ake ajiye su, ya duba mini wani mai tudu a baki. In ya gan shi, ya gaya wa masu ɗakin lissafinsu bai cika ba. Guda suka ɗauka, amma gida guda suka kashe, sauran suna gindin kukarmu.