Zabdai Mai Bin Ungulu

Shekara talatin da huɗu, abin da Zabdai ke fara yi in gari ya waye shi ne ya hau tudun bayan wurin matsar zaitun ya ɗaga kai sama. Ba hadari yake dubawa ba, ungulu yake nema. In ya hango su suna kewaya wuri ɗaya, sai ya sauko ya ɗaura wa jaki mangala, ya zuba dagi da tulun ruwa da ƙyallen lilin, ya ƙara gurasar sha'ir biyu da busasshen ɓaure, ya kama hanya. Wata rana mushen akuya yake tararwa. Wata rana kuma mutum ne.

In mutum ne, sai ya durƙusa ya wanke masa fuska, ya zuba mata ido har sai ta zauna masa a ka: goshi, hanci, tabo in akwai. Ya haƙa rami nan inda ya same shi, ya rufe, ya jera duwatsu saboda kura. Daga nan yake bin garuruwan Galili ɗaya bayan ɗaya yana tambayar gidan da aka rasa namiji. In kamanni suka zo daidai, sai ya tsaya gaban dattawa uku ya ce, "Na ga fuska." Wannan kalmar ce ke kwance mace. A wurinmu, wadda mijinta ya fita bai dawo ba, ba a kuma shaida mutuwarsa ba, ba ta da miji ba ta da ikon yin wani. Ɗaurarriya muke ce mata, kuma tana iya tsufa a haka.

Mu mutanen Kafar Zeita mun san yadda muka saka masa. Wanda ya taɓa gawa yana cikin ƙazanta kwana bakwai, shi kuwa kafin bakwai ɗin ta cika ya taɓa wata. Akushinsa daban, wurin zamansa a majami'a can bakin ƙofa, mata na tattare mayafi in zai gifta. Abokin ungulu muke kiransa, a gabansa ma, yana amsawa. Ina jin kunyar rubuta wannan, domin da bakina aka yi.

Yau kowa cewa yake shi ɗalibin marigayi Malam Uzziyel ɗan Zerah ne. Waɗanda ke gyangyaɗi a sahun baya duk sun koma masu zama kusa da gwiwarsa. Zabdai bai taɓa zama a sahu ko ɗaya ba, shi jakin Malam yake ja. Malam marini ne, da rini yake ci da iyalinsa, hannunsa shuɗi har wuyan hannu, da shi yake buɗe littafin Attaura. Abin da Zabdai ya samu na ilimi a bakin hanya ya same shi, tsakanin wannan gari da wancan.

Wata rana suna gangara zuwa tafki Malam ya miƙo masa hannu daga kan jaki ya ce, "Zabdai, ka ga hannun nan?"

"Malam, ai ko makaho ya gan shi."

"Shunin nan ƙasa za ta wanke shi. Akwai abin da ba za ta wanke ba."

Sai ya ba shi labari. Yana sabon alƙali aka kawo masa mayafi jina-jina da aka tsinta a bakin kogi. Ya gane shi nan take, domin shi ya rina shi da hannunsa. Ya yanke hukunci cewa mai mayafin ya mutu. Matar ta yi aure, ta haifi namiji. A shekara ta uku mijin ya shigo gari ranar kasuwa da ƙafarsa. Ashe abokin tafiyarsa ya ara wa mayafin, ganin zazzaɓi na kaɗa shi. Shari'a ta raba matar da mazan biyu, yaron kuma ko ya girma ba gidan da zai ba shi aure. Bayan wata biyu aka ciro uwar daga rijiya.

"Ni na jefa ta," in ji Malam. "Ka riƙe wannan, ko ka manta da sauran. Riga ana aro, takalmi ana aro. Kada ka shaida komai sai fuska. Gawar da ba ta da kowa kuma, wanda ya fara ganinta shi ne ɗan'uwanta, ko da karatu za shi."

Da aka murƙushe tawayen da mutanenmu suka yi wa Rumawa masu mulkinmu, sai suka hana koyar da Attaura. Malam ya ci gaba da koyarwa a marina, ɗalibai na tsugune tsakanin ramukan shuni kamar masu jiran kaya. Aka kai tsegumi, aka kama shi, aka kashe shi a bakin hanya, aka jefa gawar cikin kwari da sojoji biyu suna gadi kada a binne. Ɗalibai suka watse, kuma ban zarge su ba, da ni ne ma da na gudu. Rana ta uku da hantsi aka kece da ruwa, masu gadin suka fake a kogo, Zabdai ya gangara da dagi. Hannun ya fara gani, shuɗi, a cikin laka. Duk da haka bai tsaya nan ba, marina suna da yawa. Ya juya kan, ya wanke fuskar, ya duba. Sannan ya binne shi, ya tafi wurin matar Malam ya ce mata, "Inna, na ga fuska." Aikinsa na farko ke nan.

Tun daga ranar mata ɗari da ashirin da bakwai suka kwance a kan kalmarsa. Mun ga ranar da ya dawo daga bakin teku ƙafa a kumbure, tafiyar kwana tara, don kawai ya gaya wa wata mai sayar da kifi cewa ya binne mijinta. Mun ga ranar da wani ya karya masa haƙarƙari biyu a tsakiyar kasuwa domin ya ƙi shaidar abin da bai gani ba a kan mijin ƙanwar mutumin. Da ya warke ya koma kan tudu. Dattawan gari goma sha ɗaya suna karɓar maganarsa shi kaɗai ba su nemi na biyu ba, kuma dalilin wannan yarda yana cikin gidansa yana dafa masa wake.

'Yarsa ce, Shifra, ita kaɗai Allah ya bar masa. Tana da shekara ashirin da biyu, watanta goma sha huɗu a ɗakin miji, mijinta Matanya ya ɗauki man zaitun zuwa bakin teku bai dawo ba. Zabdai ne ya bi ungulu zuwa wani kwari a kan hanyar. Gawar ta kwana biyar ko shida, kura ta riga shi. Tsayin na Matanya ne. Rigar kuma ya san ta, a tsakar gidansa aka saƙa ta. Ya durƙusa da tulun ruwa zai wanke fuska, bai sami abin wankewa ba. Ya binne, ya yanko gefen rigar ya kawo gida.

Shifra ta juya ƙyallen a hannunta ta ce, "Abba, ni na saƙa wannan. Ga inda zare ya tsinke mini na ƙulla."

"Na sani, 'yata."

"To ka je ka faɗa."

"Riga na gani."

"Wa ke wurin ban da kai? Ungulu ne za su ƙaryata ka?"

Ya juya ya fara sauke wa jaki mangala.

"Ka kwance matan duniya," ta ce, "ka ɗaure 'yarka da hannunka."

Daga ranar ba ta sake kiransa Abba ba. Da uwarta ta rasu ita ta ɗauki girki. Takan ajiye masa akushi ta ce, "Ga shi," in kuma za ta ambace shi ga wani sai ta ce mai jakin. Shekara goma sha tara a gida ɗaya. Bai kai maganar gaban dattawa ba, bai kuma daina tambaya ba. Duk ayarin da ya fito daga bakin teku sai ya tare shi, har kasuwar bayi ya je sau uku. Babu wanda ya ga Matanya a raye, babu wanda ya gan shi a mace.

Akwai Nahum maginin tukwane, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da yara. Shekara shida yana kawo wa Shifra tukunyar da ba ta saya ba, har mutane na cewa gidan Zabdai ya fi rumfar Nahum kaya. Bai taɓa furta komai ba, ba shi da ikon furtawa. Ita kuma ta daina rufe ƙofa in ta hango shi.

Bana idon Zabdai ya fara tafiya. Watan jiya ya hau tudu ya tsaya har rana ta ɗaga, ya sauko ya ce sama fes take, alhali muna ganin ungulu fiye da ashirin. Ranar Alhamis dattawa suka kira shi don su sallame shi daga aikin, domin shaidar makaho a kan abin da aka gani ba ta karɓuwa, ko da ya gani tun yana da ido. Majami'a ta cika. Shifra na can gefen mata. Nahum na tsaye jikin bango, yumɓu a farcensa.

Hilfai, babban dattijo, ya yi gyaran murya ya ce, "Zabdai, yau kana iya bambance fuskata?"

"Da ƙyar, ranka ya daɗe. Gemun ne ke taimako."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

"To yau shaidarka tana nan, gobe babu. Ba ka taɓa tsayawa gabanmu kan maganar surukinka ba. Abin da aka faɗa a gida mu ba mu ji shi ba. Shekaru sun yi yawa, mutum kan tuna abin da ya sha masa kai. Ko ɗan goshi, ko gefen hanci. Ba za mu tsananta tambaya ba."

Ƙofa ce suka buɗe masa, kowa ya gane, kuma kowa na so ya shiga. Wata mata daga baya ta ce, "Faɗa mana, Baba, Allah ya san zuciyarka." Zabdai ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Shi kansa ya yi imani gawar Matanya ce ya binne, bai taɓa shakka ba ko na yini ɗaya. Ya san 'yarsa na da shekara arba'in da ɗaya, ya san in ya mutu ba ta da kowa. Kalma uku ce, ya faɗe ta sau ɗari da ashirin da bakwai, tana bakin harshensa. Sai dai Malam ma ya yi imani ranar da aka kawo masa mayafi. In kuwa ya ƙara wannan ɗayar a kan sauran, to matan nan duka da 'ya'yansu suna zaune ne a kan maganar mutumin da ke iya faɗin abin da bai gani ba in abin ya zo gidansa. Ya juya wajen mata yana neman 'yarsa, bai iya tsince ta ba.

"Riga na gani," ya ce. Hawaye na bin gemunsa. "Ban ga fuska ba."

Hilfai ya sunkuyar da kai. Nahum ya fita ba tare da ya kalli kowa ba, kuma daga baya mun ji an sa masa rana da wata bazawara a garin gaba. Jama'a suka watse shiru, aka bar tsohon yana laluben ƙofa da sanda, ba wanda ya taɓa shi, domin kwanansa bakwai ba su cika ba. Sai Shifra ta ratso ta kama masa hannu. Ba ta ce ta yafe ba, ni dai ban ji ba, kuma ina bayansu. Sun kai gangaren rijiya ta ja shi gefe ta ce, "Ɗaga ƙafa, Abba, akwai dutse."

Kai ne, Zabdai, wanda bai iya karanta layi ɗaya ba amma ya riƙe karatun da masu karatu suka ajiye. Kai ne ɗan'uwan wanda ba shi da kowa. Malam Uzziyel bai bar littafi ba, bai bar ɗa ba, kabarinsa ma kai kaɗai ka san inda yake. Abin da ya bari yana nan a bakinka, kuma mun ga abin da ya ci maka da abin da ya ci wa 'yarka. Ba zan ce komai ya yi daɗi a ƙarshe ba. Shifra ɗaurarriya ce har yau, haka kuma za ta mutu in ba wani labari ya zo daga bakin teku ba. Mun gode maka, mun makara da godiyar. Ka yafe mana akushin da muka ware.

Ku kuma samarin majami'a da ke musu kan wanda ya fi haddace maganar Malam, tudun yana nan, ba a ɗauke shi ba. Kwana uku ungulu suka yi suna kewaya kwarin gabas muna kallo daga inuwa. Jiya da sassafe na ga an fito da jaki daga gidan Zabdai, dagi da tulu a mangala. Shifra ce ke ja. Ta tsaya gaban uban a ƙofar gida ta ce, "Goshi da hanci, ko?"

"Da tabo in akwai," ya ce. "Ki wanke tukuna. Kada ki kalli rigar."