Lakar da Muka Kwashe a Tafkin Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga wannan wata, bayan la'asar, Allah ya karɓi ranka, Kawu, a gadon asibitin da ka yi wata biyu a kai.

Shekara ashirin da bakwai ka yi kana kiwon abin da mutane ke kira ciyawar banza. Lokacin da aka fara cike fadamar bayan gari da yashi domin gina gidaje, kai kaɗai ka shiga laka har gwiwa da bokiti, ka tono bado da kainuwa da kacala, ka kawo su ɗan tafkin da ka haƙa a bayan gida. Yau bene ne a wurin fadamar nan. Farin badon da ke tafkinka shi ne ragowarta, babu shi a ko'ina kuma.

Da maƙwabta suka yi ƙorafin sauro, ba ka yi faɗa ba. Ka zuba ƙananan kifaye a ruwan, sannan ka bi gida gida kana ba su haƙuri. Duk wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa a layinmu lokacin bazara, da fure a kwano kake zuwa masa. Ruwan sama kawai kake ba shukokin, kana cewa na famfo yana ƙona musu saiwa. Muna yi maka dariya, muna ce maka sarkin kwaɗi.

Akwai abin da ban faɗa maka ba, kuma shi ya hana ni sukuni.

Da sanyi tafkin kamar ya mutu yake, baƙar laka da ruɓaɓɓen ganye. Kana asibiti, ni da babban ɗanka muka ce bari mu faranta maka. Muka janye ruwan, muka kwashe lakar tas muka ba masu shara, muka goge simintin, muka cika shi da ruwan famfo. Ba mu san cewa a cikin lakar nan saiwoyin suke barci ba.

Kwana uku kafin rasuwarka ka riƙe hannuna ka ce, “Ɗana, ba ku dai taɓa lakar ba ko?”

Na ce, “Ba mu taɓa ba, Kawu.”

Ka ce, “To madalla. Ranar da bado ya buɗe, a ɗauke ni in gani.”

Kana da lissafinka: idan hasken safiya ya sauka a kan bulo na uku na katanga, ganyen farko zai fito cikin kwana goma. Yau kwana goma sha shida da saukarsa. Ruwan garau yake, har ƙasan siminti ake gani, ko motsi ba ya yi. Kwaɗin sun tafi, kifayen sun taso a mace ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe Inna, matarka, takan ja kujera ta zauna a bakinsa cikin takabarta. Jiya ta ce mini, “Bana ya yi latti, ko?” Na ce eh.

Rabin duro guda cike da lakar tafkin ya tsira a bayan kicin, don ya fi ƙarfinmu ɗagawa. Ɗazu na tura hannu cikin lakarsa, na taɓa wani abu mai tauri. Ko saiwa ce ko dutse, ban sani ba, kuma tsoro ya hana ni cirowa.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Allah ya ba 'ya'yanka da mu duka haƙurin rashinka. Ke kuma Inna, Allah ya sanyaya zuciyarki. Na san za a karanta miki wannan kafin in iya faɗa miki da bakina: ba latti ya yi ba. Ki yafe mana.