Malam Sa'adu Munkaila da Batirin Lambun Dawce

Haihuwa da karatu

A garin Matameye aka haifi Malam Sa'adu, a shekarar 1958, ɗa ga Munkaila maƙeri da Hafsatu mai saƙar tabarma. Bayan ya sauke Alƙur'ani aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya wuce Damagaram, daga nan sai jami'ar Yamai, inda ya kammala ilimin sinadarai a 1984.

Aiki da iyali

Ya koyar a makarantun jihar Damagaram har ya ajiye aiki a 2018. Ya auri Najaha a 1987, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗansa Idrisa, wanda tun 2011 yake tafiya ci-rani Legas da zarar an gama girbi, domin lambunsu na ƙauyen Dawce, da ban-ruwan guga, bai isa ya riƙe magidanci ba.

Al'amarin batir

A 2019 masu lambun Dawce suka haɗa ƙarfi suka kafa famfo mai aiki da hasken rana, da batirin litiyom. Murna ba ta je ko'ina ba, kafin shekara biyu batir ya kumbura ya mutu, albasa ta bushe, Idrisa ya sake ɗaukar jakarsa. Da Malam ya bincika, sai ya tarar kullum batirin a cike yake maƙil a ƙarƙashin rufin kwano mai zafi, saboda manomi ba ya samun natsuwa sai rumbu ya cika.

Nan tsohon malami ya farfaɗo! Ya tara su ya bayyana musu cewa ɓangaren batir da ake kira katod hawa-hawa yake, na nikel da manganis da kobal haɗe da oksijen, litiyom kuma yana zaune tsakanin hawa da hawa. In ana caji, litiyom ɗin fita yake ya koma ɗaya ɓangaren. In famfo na aiki sai ya dawo, tafiyar nan ce ke ba da wuta. Yawan nikel ke sa katod ya saki litiyom da yawa, shi ya sa ɗan ƙaramin batir yake ɗaukar wuta mai ban mamaki.

"To ku ji," in ji shi, "ranar da kuka ce ya cika, ranar katod ya zama kango. Hawan ya tsattsage, zafi ya kori oksijen, shi ke nan."

"Haba Malam," in ji Cha'ibu, shugaban masu lambun, "yanzu da gangan za mu riƙa barin batir da yunwa?"

Da gangan kuwa. A 2022 aka sawo sabon batir, Malam ya saita shi ya riƙa tsayawa a kashi tamanin cikin ɗari, ya sa aka gina masa ɗakin ƙasa mai sanyi. Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ruwa bai yanke ba, har motocin Kano suka fara zuwa lodin albasa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, a watan Fabrairu na 2025, bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa a maƙabartar Matameye bayan sallar La'asar. Ya bar matarsa Najaha da 'ya'yansa: Fadima, ungozoma a Kurni, Marwan, malamin lakwal, Abdulrazak, ɗalibi a Yamai, da Idrisa, wanda a tsakiyar rani yana gida, shi ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa da hannunsa.