Ɗantani da Littafin da Mai Ƙosai Ta Yage

Ɗantani mutumin Achika ne, amma a Wudil ya yi rayuwarsa, a wata rumfar kwano kusa da gada inda yake gyaran injin ban-ruwa da janareto. Karatunsa na boko bai wuce firamare ba. Duk da haka, in ka ji ana musu kan littattafai a bakin gadar nan, to a rumfarsa ne, kuma galibi shi kaɗai ne ya karanta littafin da ake musun a kai.

Ra'ayinsa ba ya lanƙwasuwa. Labarin soyayyar da yarinya za ta fara kuka tun a babin farko, ya ce ɓarnar takarda ne. Yana son littattafan tarihi, sai dai yana ƙorafin cewa kowa a ciki mayaƙi ne, ba a taɓa faɗin wanda ya noma musu abinci ba. A cikin littattafan ilimi kuwa, wanda ya fi ƙauna shi ne wani na kiwon zuma da malaman gona suka raba a da. Ya haddace shi tsaf. Manoman Lajawa da Ɗankaza masu kawo inji sun sha jin yadda ake ɗora amya a bishiya. Shi kansa bai taɓa kiwon ba, kuma in ƙudan zuma ɗaya ya shigo rumfar, shi ne farkon fita.

Amma littafin ransa ƙagaggen labari ne. Yana saurayi ya karɓe shi a hannun wata mai ƙosai, wadda ta riga ta yage bangon da shafukan ƙarshe ta ƙunsa wa mutane ƙosai. Saboda haka bai san sunan littafin ba, balle na marubucin. Labarin wani dillalin shanu ne, Lukman, mai haƙuri da kyauta, da aka zarga da sayar da shanun da aka ba shi amana. Shafi na ƙarshe da ya tsira ya tsaya daidai inda Lukman ya miƙe gaban alƙali zai yi magana.

Rashin ƙarshen bai taɓa damun Ɗantani ba. A wurinsa a fili yake an wanke Lukman, kuma haka yake ba da labarin, har da yadda masu ƙara suka fita kai a sunkuye. Da matarsa Saudatu ta haifi ɗansu na fari, Lukman ya raɗa masa.

Yaron ya girma har ya fara koyarwa a wata firamare. A lokacin ne Malama Rahila, 'yar kudancin Kaduna mai aiki a ɗakin karatu na jami'a, ta kawo janaretonta gyara. Bayan doguwar gaisuwa, da ya ji inda take aiki, ya ajiye sifana ya soma ba ta labarin Lukman. Ta saurara har ya kai gaban alƙali.

"Baba, ai na san littafin nan," ta ce. "Mun karanta shi a sakandare. Amma kamar ba haka ya ƙare ba."

"Kin manta ne, Malama. Ke sau ɗaya kika karanta."

Ba ta yi musu ba. Ranar da ta dawo ɗaukar janareton, ta zo masa da cikakken littafin a cikin jaka. Ya wanke hannu da omo kafin ya karɓa, ya kori masu hira, ya zauna a kan benci ya buɗe inda nasa ya tsaya.

Lukman ya miƙe gaban alƙali, ya amsa laifinsa. Shi ya sayar da shanun. Kyautar da yake ta rabawa tun farkon labari ma daga kuɗin shanun ta fito.

Ranar Ɗantani bai taɓa wani inji ba. Ya koma gida tun kafin la'asar ya gaya wa Saudatu, wadda shekara da shekaru yake karanta mata littafin tana tankaɗe.

"Ni dama ban taɓa yarda da shi ba," ta ce. "Rantsuwarsa ta yi yawa."

"Kuma kika bari na sa wa yaro sunansa?"

"Sunan ƙanin babana ne, Malam. Na ɗauka kara ka yi mini."

Sai ya ce ta miƙo masa ruwa.

Da ya mayar wa Rahila littafin, ya riga ya yanke hukunci. Ya ce marubucin ya iya farko da tsakiya, amma bai san Lukman ba. "Shi wata nawa ya yi da mutumin nan? Ni tun ban yi aure ba muke tare." Rahila ta ce ai marubucin ne ya ƙirƙire shi. Ɗantani ya ce haihuwa daban, sanin hali daban, ta tambayi duk uban da ta ga dama.

Ɗansa Lukman, da labari ya kai masa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce tun da ba a ba shi ajiyar ko da akuya ba, yana ganin zai tsira.

Tun daga nan Rahila take aro masa littattafai, shi kuma ya ɗauki sabuwar al'ada: shafin ƙarshe yake fara karantawa, kafin ya yarda ya so kowa a ciki. Ya kuma ɗauki gaya wa mutane ƙarshen labari a matsayin taimako. Ɗaliban jami'a masu zuwa cajin waya a shagon da ke gefensa sun gane shi. In sun doso gada da littafi a hannu, sai su tura shi cikin riga.