Inna Dado, Mai Daɓen Filin Kurket na Gangara

Kowace safiya, da ta idar da salla ta kunce awaki, Inna Dado kan ɗauki tsintsiya ta nufi bayan lakwal, wato makarantar bokon Gangara. Akwai wani dogon daɓe a can, siriri kamar an shimfiɗa tabarma a tsakiyar rairayi. Takan share shi, ta tsuguna ta shafa da tafin hannu, inda ta ji tsaga ta cike da jar ƙasa ta yayyafa ruwa. Kafin 'yan makaranta su iso ta koma gida ta ɗora koko.

Sana'arta ta gado daɓe ce. Tsofaffin ɗakunan garin nan kaɗan ne madaɓinta bai taɓa ba. Da siminti ya shigo aka daina kiranta, ta rataye madaɓin a bayan rumbu ba ta ce wa kowa komai ba.

Wasan kurket kuwa Mushe Akila ne ya kawo mana shi (mu nan Mushe muke kiran malamin boko), malamin motsa jiki da ya koyo shi lokacin da yake karatu a Najeriya. Ɗaya ya jefo ƙwallo ta daki ƙasa ta taso, ɗaya ya tare da faffaɗar sanda don kada ta kayar da itatuwa uku da ke bayansa. A cikin yashi yaranmu suka koya, kuma Habiba 'yar gidan Hashimu tela ta fi kowa. Da aka kira ta Yamai cikin 'yan wasan ƙasa, har guɗa aka yi a tasha.

Ta dawo ba ta son ko ganin sanda. Masu jifansu sun yi abin kirki, in ji ta, amma masu bugu kamar ana kakkaɓe magarya, wannan na shiga wancan na fita. Ita kanta jifan farko ya taso mata har ƙirji, ta rufe ido, aka fitar da ita.

Mushe Akila ya ce matsalar ta dukkansu ce. Yashi yana shanye ƙarfin ƙwallo, ta iso a gajiye, yaro ya saba da maka mata sanda yadda ya ga dama. A ƙasa mai tauri kuwa kafin ka ɗaga hannu ta wuce. Sai ya yi sallama a gidan Inna Dado.

"Inna, daɓe nake so."

"Aure za ka ƙara yi, Mushe?"

"A'a Inna, mu mace ɗaya muke aure. A fili nake so, bayan lakwal."

"Ɗakin da ba bango ba rufi? To wa zai kwana a kai?"

Ya yi mata bayani, ya ce in ba haka ba Habiba ta bar wasan ke nan, sauran 'yan matan kuma za su bi ta. Sai Inna ta ce a sauko mata da madaɓinta.

Mu da muka gani da idonmu ba za mu manta ba. Ta bi gida-gida ta tattaro tsofaffin ƙawayenta. Aka kwashe yashi, aka zuba tsakuwa da ƙasar suri, aka jiƙa bagaruwa. Rissa, wani makiyayi da ke shayar da dabbobinsa a rijiyar gabas, ya yi ta kawo ruwa a kan jakunansa, daga baya ma ya karkatar da hanyar garkensa don kada kofato ya ɓata aikin. Mata suka jera suna bugu suna waƙa har aka jiyo su daga kasuwa. Daɓen farko rana ta farfasa shi. Inna ta duba ta ce laifin gaggawa ne, aka fasa aka sake, wannan karon ta lulluɓe shi da karan gero ya bushe a hankali.

Da kanta ta je ta kamo hannun Habiba. "Jikata, na ɓata kafaɗata saboda ke. Zo ki ɓata min daɓe."

Habiba ta sha dukan ƙwallo a cinya da yatsu. Sannu a hankali ta koyi kallon ƙwallo har ta iso, ta koyi ja da baya, ta gane ba kowane jifa ake kai wa bugu ba. Da aka sake kiranta ta daɗe a fili har masu jifa suka gaji. Ba su ci wasan ba, amma sun tsaya an yi da su. Yanzu garuruwan Falanko da Belbeji duk sun aiko a koya wa matansu irin wannan daɓe.

Inna Dado, ke ce gwanar da ba a kira sunanta a rediyo. Har yau ba ki san yadda ake lissafin wasan ba, mai jifa da mai bugu duk tafa musu kike yi, don duk 'ya'yanki ne. Kowace damina ruwa ya ci gefen daɓen, ke ce kike fara isa wurin.

Bana kafaɗa ta ce ta gaji, Inna ta miƙa madaɓi ga 'yan matan da ke wasa, ta zauna a inuwar aduwa tana gyara musu riƙo. Mun gode, Inna. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki ga ranar da jikokinki za su dawo da kofi.

Ku kuma masu neman gyaran bugun 'yan wasanmu, kafin ku ɗora wa yara laifi ku dubi ƙasar da suke koyo a kanta. Kowane gari a Damargu yana da tsohuwar da ta iya wannan aiki. Ku je ku gaishe ta tun tana da ƙarfin koya muku.